Kwana Arba'in Bayan Ajudan Hashim

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Yau sadakar ukun Baba. Na kulle kaina a ɗakin hotunansa, don in na ƙara minti goma a tsakar gida sai na zagi wani. Littafin nan ma nasa ne, a kan tebur na same shi, bai rubuta komai a ciki ba.

Gida ya cika ya batse. Mutanen da suka yi shekara takwas suna haɗa muƙaminsa na soja da ba'a, suna kiransa Ajudan na Dorina, suna ƙyaƙyata dariya in ya wuce a babur da jakar kamara a baya, yau su ne masu share hawaye. Wata ta riƙe hannuna ta ce, "Nasiha, ubanki waliyyi ne." Bakinta duk maiƙon miya. Ita ce bara ta ja ni gefe a gidan biki ta tambaye ni ko mun gwada kai shi a yi masa ruƙiyya, wai mai hankali ba ya kwana a daji don hoton dabba. Tana saki na na je na wanke hannun.

Takardar da ta zo tare da gawar ta ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ranar Juma'a aka tsince shi a bakin wani mayo, wato rafi, da ruwansa ya ƙafe, can hanyar Rey Bouba, dab da iyakar sansanin farauta na Olivier. Zuciya. Shekara goma sha uku ina aikin jinya, ni nake auna jininsa duk wata.

Baffa Dawuda, ƙaninsa, shi ya yi masa wanka tare da liman. Na ce a bar ni in ga fuskarsa. Baffa ya tare ƙofa ya ce an riga an ɗaure likkafani.

Talata, 15 ga Afrilu, da safe

Zafi kamar a cikin tanda. Dada, mahaifiyata, ta shiga takaba, tana kan tabarma da carbi, ba ta ce da kowa komai ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Direban sansanin ya kawo babur ɗin Baba da kamararsa.

Kamarar Baba ba ta taɓa yin tsabta ba. Ƙasa a kowane lungu, igiyarta ta yi baƙi da gumi. Wannan da aka miƙo mini tana ƙamshin sabulu. Na buɗe wajen kati, babu kati. Na ce ina rigarsa da hularsa? Direban ya ce shi abin da aka ba shi ke nan. Bai yarda mun haɗa ido ba. Ya sha ruwa kofi biyu a tsaye ya tafi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Kowa ya zo da Baban da ya ƙirƙira, yana ba ni labarinsa. Bari in rubuta nawa kafin su lalata shi.

Gidanmu gidan kasuwa ne. Kakannin Baba daga Kano suka zo da fatauci suka zauna a Garoua. Shi ne babba, shi ya kamata ya gaji shagon atamfa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya ajiye mukulli a kan kanta ya tafi soja. Kaka ya yi shekara shida bai amsa gaisuwarsa ba, shago kuma ya faɗa hannun Baffa.

Shekara talatin da biyu ya yi cikin kaki. Bakassi, iyakar gabas, daga ƙarshe can arewa. Ya dawo da kunnen hagu a toshe da guntun ƙarfe a cinya. In ka tambaye shi yaƙi sai ya ce, "Tafiya ce da jira. Sauran ba na hira ba ne." Labari ɗaya kawai yake maimaitawa. Wai sun yi kwanton ɓauna kusa da Waza suna jiran 'yan fashin hanya, kwana biyu a kife cikin ciyawa, sai da hantsi raƙuman dawa tara suka ratsa ta gabansu, a hankali, ko a jikinsu. Ya ce har suka wuce ya manta abin da ya kawo shi wajen. Hutun da ya biyo baya ya sayi kamara a Douala. Tun daga ranar kuma naman daji bai ƙara shiga bakinsa ba.

Da ya yi ritaya, kullum bayan asuba yana bakin Binuwai wajen dorinai. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, har muƙami ya raba musu. Akwai Kanar, akwai Kaftin, akwai Saje Mai Kunne Ɗaya, wanda yake cewa ɗan'uwansa ne. Kuɗin fanshonsa a gilashin kamara suke ƙarewa.

Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Ranar sunan 'yata Sadiƙa yana kan bishiya a Bouba Ndjida yana jiran giwaye. Sai ranar tara ya zo, da hoton jaririyar giwa a firam, wai barka. Na cusa shi bayan kabad.

Safiyar da zai yi tafiyar nan ya ce in cika masa gorar shayi. Na cika, na ce, "Baba, in ka dawo ka yi wanka kafin ka shigo falo, warin daji kake." Ya yi dariya, ya ƙame ya sara mini. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Olivier ya zo ta'aziyya da kansa. Mota uku. Farar riga, agogon zinariya, turare har zaure. Shi ne mai sansanin da Turawa ke zuwa harbi da lasisi, kuma yana da otel a cikin gari.

Ya kawo shinkafa, ya kawo mai, ya kawo kwali biyu na bandar gwanki. Naman daji, a gidan Baba, a makokin Baba. Mata suka yi ta sa albarka. Kafin magariba an zuba shi a miya. Warin ya shiga labule, ya shiga gashina.

Ya zauna a kujerar Baba. Ya ce, "Madam Nasiha, ba ku kaɗai kuka yi rashi ba. Ajudan abokina ne. Sau nawa ya sha ruwa a sansanina."

Baba da gorarsa yake yawo. Ko sau ɗaya bai taɓa ambaton sunan mutumin nan ba tare da ya yi tsaki ba.

Wai zai shirya baje kolin hotunan Baba a otel ɗinsa, jajiberin bikin ƙasa na ashirin ga Mayu, manya za su zo. "Sai dai muna buƙatar komai. Kwamfuta, faifai, duk wani kati da ke gidan. Masana za su zaɓa, sauran su adana muku."

Na ce hotunan ba su da ciwo da za a kai su asibiti. Baffa ya harare ni ya ce, "Ai wannan alheri ne. Useko, useko." Ya yi ta yi wa Olivier useko, godiyar Fulani, har bakin mota, yana ɗan rusunawa. Dattijo mai furfura.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da rana

Ban ci abincin gidan nan ba. Biredi da ruwan zafi.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Tonton Célestin ya zo. Tare suka yi soja da Baba, mutumin Mokolo ne, kuma shi ke raka shi daji tun da suka yi ritaya. Ranar jana'iza can nesa ya tsaya. Yau ma ya ƙi shiga, ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, hula a gwiwa.

Na ce, "Tonton, me ya sa ba ka bi shi ba wannan karon?"

Ya ce, "Ya hana ni. Ya ce Célestin, kana da yara ƙanana, ka zauna. Shekara talatin muna tare, ko a Bakassi bai taɓa ce mini zauna ba."

Na ce takarda ta ce zuciya.

Ya juya ya tofar da yawu. Sannan ya ce, "Ki buɗe kwamfuta. Watan biyu da watan uku. Kar ki buɗe yarinya tana kusa."

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan azahar

Na buɗe.

Baba mutum ne mai tsari, kowace tafiya da kwanan watanta da sunan wurin. Hotunan farko ungulu ne kawai, jingim a kan bishiya. Sai abin da suke jira. Ban san giwa ba ta da fuska in an gama da ita ba. Shida ne. Ɗaya ƙarama ce, ba ta ma da abin da za a cire, amma ita ma.

Watan uku, wani wurin daban. Mota, da tambarin kan ɓauna a ƙofarta. Tambarin nan ya tsaya a ƙofar gidanmu ranar Asabar. Maza suna loda dogayen abubuwa cikin buhu. Sai farar riga, a tsaye, ana nuna mata. Baba ya iya aikinsa. Har agogon ana gani.

Babu lasisin da ya yarda da wannan, ko ni na sani.

Na yi amai a kwandon shararsa. Na wanke, na dawo na kwafe komai a ɗan kati.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da safe

Zuciya, in ji su.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Yau haushinsa nake ji, shi kansa.

Yana da hotunan nan tun watan uku. Sun isa. Me ya koma nema karo na uku, shi kaɗai, da kunne ɗaya? Ya san abin da ke can, shi ya sa ya hana Tonton. Ya tuna da yaran Célestin. Mu fa?

Na zauna na bi hotunan gaba ɗaya ina neman kaina. Sun fi dubu arba'in. Na samu kaina a guda huɗu, uku daga ciki ƙeyata ce. Saje Mai Kunne Ɗaya yana da wajen dubu biyu: yana hamma, yana barci, yana kashi.

Kuma abin takaicin, suna da kyau. Akwai wani na gauraka biyu a kan yashi, ruwa ya yi ja a bayansu. Na kai rabin awa a kansa. Ban so ba.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan na tashi aiki

Na je shagon Baffa a babbar kasuwa. Na jira ya sallami wata mai sayen atamfa, sannan na faɗa masa abin da na gani. Bai tambaye ni komai ba. Ya ci gaba da naɗe yadi.

Na ce, "Baffa, me ka gani ranar wanka?"

Ya ce, "Allah ya riga ya yi ikonsa."

Na ce ba wa'azi na zo ji ba.

Ya ajiye yadin. "Ni na wanke shi da hannuna, Nasiha. Na san abin da na gani. Ke ba ki gani ba, kuma ba za ki ji a bakina ba. Ba na son in sake tsayawa a ƙofar ɗakin nan ana wanke ki."

A bayansa akwai bandir ɗin kaki a jere. Shi yake sayar wa sansanin yadin da ma'aikatansu ke sawa, kowa ya sani. Na nuna na ce, "Ko dai don wancan ne?"

Ya kalli kakin, ya kalle ni. "Ki ɗauka haka in zai fi miki sauƙi."

Na fito ban yi masa sallama ba. Ban san wanne ya fi ba ni ƙyama ba, kwaɗayi ko tsoro. Wataƙila shi ma bai san wanne ke riƙe da shi ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun zo sun kwashe. Baffa ne ya buɗe musu ɗakin. Kwamfuta, faifai, akwatunan tsofaffin fim, har hotunan zamanin soja. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga katifa ya leƙa. Wai masana.

Babu abin da ya rage a teburin sai shacin inda kayan suka zauna.

Katin yana cikin kwalin auduga a wurin aiki.

Litinin, 5 ga Mayu, da yamma

Tonton ya ce akwai wata lauya a Yaoundé, Lucienne, tana aiki da masu kare namun daji, ta taɓa kai irin mutanen nan gaban alƙali. Ya yi mata waya. Ta ce hotunan za su yi aiki a kan maganar giwaye. Amma maganar Baba, sai wani na jininsa ya zo da kansa ya sa hannu.

Na ce a bari sai bayan arba'in. Ya ce to.

Laraba, 7 ga Mayu, lokacin hutun rana

Wani mutum ya zo asibiti wai a auna jininsa. Ƙato, da tabo a haɓa. Ina ɗaura masa abin awo ya ce, "Allah ya ji ƙan Ajudan." Na ce amin. Ya ce, "Sadiƙa na ƙoƙari a makaranta? Na ga ita kaɗai take tsallaka titi in an tashi. Masu babur ɗin nan ba su da hankali."

Jininsa lafiya lau. Na faɗa masa. Har na ce Allah ya ƙara lafiya.

Na wanke hannu sau huɗu. Achta, abokiyar aikina, ta ce ko na taɓa wani abu ne. Na ce e.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Ban kai ta makaranta ba. Na ce mata zazzaɓi take yi. Ta ce ba ta jin komai.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Dada ta yi magana yau. Ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce, "Kin rame."

Na ce, "Dada, kin san abin da ake ciki?"

Ta ce, "Na sani tun ranar da aka hana ki ganin fuskarsa." Ta ja carbi kaɗan. "Shekara talatin ina jiran a kawo mini shi a kwance. Duk motar soja da ta tsaya a unguwa sai na fita ƙofa in leƙa. Da ya dawo da ƙafarsa na ce na tsira. Ban san akwai saura ba."

Na gaya mata komai, har mai tabo. Na ce me zan yi?

Ta ce, "Gobe ki sa Sadiƙa a mota, ki kai ta Yagoua wajen goggonta." Sai ta ce, "Ni takaba nake, ba na fita. Ke ba takaba kike ba."

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na dawo daga Yagoua. Ta yi kuka, na yi mata tsawa. Duk hanya ina jin muryata a kunnena.

Alhamis, 15 ga Mayu, da rana

Katin gayyata ya zo, mai ruwan zinariya. Sunana yana ciki: jawabin iyali.

Na buga hoto ɗaya a takarda, mai farar riga. Na ninke na sa a jaka. In an ba ni abin magana zan ɗaga shi sama, a gaban manyan nasu, in ga wanda zai ce bai gani ba. Na gwada a gaban madubi. Muryata ba ta rawa.

An yi yayyafin farko. Ƙasa ta yi ƙamshi na minti biyar, sannan kwata ta taso.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, ba zan gyara ba.

Zauren otel ɗin sanyi ƙalau. A bango, sama, kawunan dabbobi ne a kafe: ɓauna, gwanki, kanki, da idanun gilashi. A ƙarƙashinsu aka jera hotunan Baba, manya-manya, kowanne da tambarin kan ɓauna a kusurwa. Gaurakan nan biyu suna wajen ƙofar banɗaki. An rubuta a ƙyalle: Ajudan Hashim, abokin daji. Masu hidima suna zagayawa da tsire a faranti. Ban tambayi naman mene ne ba.

Tsofaffin sojoji bakwai sun zo da hulunansu da lambobinsu. Ba a tanadar musu kujera ba, suka tsaya a baya kusa da na'urar sanyi. Tonton bai zo ba.

An yi jawabi biyar. Wani da bai taɓa ganin Baba ba ya kira shi Ajudan Hashimu Garba, ba sunansa ba ke nan. Olivier ya ce ƙasa ta yi rashin idonta. Ya tsaya ya ciro hankici. Wallahi hawaye na gani, na gaske, suna gangarowa.

Sai aka kira ni.

Na hau. Jakar tana rataye a kafaɗata, hannuna a kan zip. Baffa yana layin gaba, ya sunkuyar da kai. A bakin ƙofa mai tabo yana tsaye, ya harɗe hannu, yana mini murmushi kamar ɗan'uwa. Na tuna Yagoua ba ta da nisa ga mai mota.

Na ce mun gode. Na faɗa da Faransanci, na faɗa da Fulatanci, na faɗa da Hausa. Na ce Allah ya saka wa wanda ya shirya wannan taro.

Aka yi tafi. Olivier ya kama hannuna da hannu biyu, mai hoto ya ce mu kalle shi. Na kalle shi.

Wata guda ina ƙyamar mutane. Mai maiƙo a baki, direba, masu cin banda, Baffa da usekonsa. Nawa ya fi na kowa, don ni da hoton a jaka.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Ana fareti, ina jin ganguna daga nan. Bara shi ne a layin farko na tsofaffi, yana ɗingishi, kamara a wuya, an ce ya cire ya ƙi.

Na yi wanka sau biyu. Hannun bai daina ƙamshin turaren ba.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Arba'in. An yi addu'a, an raba waina, an watse.

Hoton ya zagaya wayoyi. Ni da Olivier, hannu cikin hannu, kan ɓauna a samanmu. Mata sai barka suke mini, wai na yi kyau, wai na fitar da gida kunya. Dada ta karɓi wayar wata ta duba, ta miƙa mata abarta.

Tonton yana kan bencinsa. Na fita na tsaya a gabansa. Ya ce, "Na ga hotonki."

Na ce na sani.

Ya ce, "Na ga maza sun yi fitsari a wando a Bakassi, washegari suka tashi suka yi faɗa. Ajudan ma ya gani. Bai taɓa faɗin sunan ko ɗaya ba."

Na ce ba lallashi nake so ba. Na ce motar Ngaoundéré ƙarfe nawa take tashi, wadda ke riskar jirgin ƙasan Yaoundé?

Ya ce, "Ki ba ni katin in kai."

Na ce lauyar ta ce sai na jini.

Ya sa hularsa. Ya ce jibi, ƙarfe bakwai, zai raka ni. Matarsa kuma tana da 'yan'uwa a wani ƙauye bayan Yagoua, gobe za su ɗauke Sadiƙa daga gidan goggonta, ba wanda zai san inda take sai mu.

Alhamis, 22 ga Mayu, da rana

Na ɗauko kwalin auduga. Na nemi hutun kwana biyar, na ce jikina ne. Ba ƙarya na yi ba.

Tsoron yana nan, bai ragu ko kaɗan ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe bakwai da rabi na safe, a tasha

Motar ba ta cika ba tukuna. Ina rubutu a kan gwiwa. Tonton ya je sayen ruwa.

Baffa ya zo. Ban san wa ya gaya masa ba, ina jin Dada ce. Na hango shi yana ratsa masu talla, babbar riga a karkace, bai ko sa hula ba. Na ce shi ke nan, zai yi mini ihu a gaban jama'a, ya ce in sauko. Na riƙe jakata da kyau.

Ya tsaya a jikin taga. Ya tambaye ni ko na karya. Na ce e. Ya tambaya ko ina da wajen sauka a Yaoundé. Na ce e. Ya tsaya yana kallon tayar mota. Idonsa ya yi ja, kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba.

Sai ya matso da bakinsa ya ce a hankali, "In matar nan ta tambayi wanda ya yi wankan, ki ba ta sunana da lambata. Ki ce mata raunin harbi biyu ne. Ɗaya a baya, ɗaya a nan." Ya taɓa bayan kunnensa.

Ban gode masa ba, na gama da godiya a wannan watan. Na dai fito da hannu ta taga, ya riƙe, tafinsa sharkaf da gumi. Ban janye ba.

Ya tafi buɗe shago. Direba ya tada mota.